Me Ya Sa Hindu Suke Neman Sarki Mai Godiya Da Gaskiya?

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ci karo da jerin halayen da littattafan Hindu suka ce sarki na gari ya tara, sai ya ga godiya da faɗin gaskiya a sahun gaba. Gaskiya dai ya gane, in ji shi, amma godiya ta ɗaure masa kai. Ai talaka ne ke gode wa sarki. Shi sarki wa zai gode wa, kuma me ya haɗa godiya da riƙon ƙasa?

Ɗan'uwa, tambayarka ta sauka a kan gaɓa, domin su kansu marubutan Indiya na dā sun daɗe suna juya ta. Bari mu fara daga inda suke farawa. Ramayana, doguwar waƙar nan mai baiti kusan 24,000 da ake jingina wa Walmiki, da tambaya take buɗewa. Walmiki ya tari wani babban masani mai suna Narada ya ce masa: wane ne a duniyar nan a yau mai nagarta, mai jarumta, masanin dharma (wato hanyar daidai da abin da ya wajaba a kan mutum), mai godiya, mai gaskiyar magana, mai cika alwashi? Ya ci gaba da lissafi har halaye 16. Narada ya ce akwai shi, sunansa Rama, ɗan gidan sarautar Ikshwaku a birnin Ayodiya. Ka lura da jerin: godiya ce ta huɗu, gaskiya ta biyar, duka a baitin farko na tambayar. Ilimi da kyawun sura da danne fushi duk daga baya suka biyo.

Sai ka san kalmomin kafin ka gane nauyinsu. Abin da muke fassarawa da "mai godiya" a harshen Sanskrit kritajna ne, kuma kalmomi biyu aka haɗa: abin da aka aikata, da sani. Wato mutumin da ya san abin da aka yi masa, yake riƙe da shi a rai. Babu maganar "na gode" ta baki a ciki ko kaɗan. Kishiyarsa kritagna ne, ma'ana wanda ya kashe abin da aka yi masa. Mu a nan butulu muke cewa, amma su kisan kai suka ɗauke shi: an yi maka alheri, alherin yana raye, kai kuma ka yanka shi. Ita kuwa gaskiya, satya, ta fito ne daga sat, abin da yake akwai. Mai gaskiyar magana a wurinsu shi ne wanda abin da ya furta yake tabbata. Saboda haka cika alkawari da faɗin gaskiya kusan abu guda ne a waɗannan littattafai, shi ya sa za ka ga suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

In ka ajiye ma'anonin nan biyu gefe da gefe, amsar tambayarka za ta fara bayyana. Dukkansu aikin tunawa ne. Gaskiya ita ce sarki ya tuna abin da ya faɗa jiya, godiya kuma ya tuna abin da aka yi masa jiya. A tunanin siyasar Hindu, sarki shi ke riƙe da danda, wato sandar horo, kuma suna cewa in babu wannan sanda mutane za su koma zaman kifaye, babba ya haɗiye ƙarami. To, talaka in ya karya alkawari akwai alƙali. Bawa in ya yi butulci akwai ubangidansa. Shi mai sandar fa, wa zai kai shi ƙara? Babu abin da ke ɗaure shi da jiyarsa sai halinsa. Sarkin da ba ya tuna maganarsa kuma ba ya tuna wahalar da aka sha dominsa, kowace safiya sabon mutum ne, kuma ba wanda zai iya shirya rayuwarsa a ƙarƙashin irin wannan.

Kada ka ɗauka wannan wa'azin mawaƙa ne kawai. Akwai littafin dabarun mulki da ake kira Artashastra, wanda ake jingina wa Kautilya. An daɗe ana jin sunansa ba a ganinsa, sai a 1905 wani masani mai suna Shamasastri ya samu kwafinsa rubutacce da hannu a ɗakin karatu na Maisur, aka buga shi a 1909. Kautilya mutum ne mai bushewar ido: yana koyar da leƙen asiri, da sa guba, da raba kan abokan gaba. Amma a littafi na 6, da ya zo lissafa halayen da ke sa mutane su kusanci sarki su yarda su yi masa aiki, sai ga su a jere: mai gaskiyar magana, wanda ba ya saɓa abin da ya faɗa, mai godiya, mai buɗaɗɗen hannu. Dalilinsa kuwa yana can a littafi na 1, inda yake koya wa sarki yadda zai sayi mutanen abokin gabansa. Ya kasa waɗanda za a iya ruɗa kashi huɗu: masu fushi, masu tsoro, masu kwaɗayi, masu girman kai. Na farko a cikin masu fushin shi ne wanda aka yi wa alkawarin wani abu sannan aka yaudare shi. Ka ga ke nan duk bafaden da sarki ya manta da wahalarsa, ƙofa ce ya buɗe wa maƙiyi da hannunsa. Shi ya sa littafin bai tsaya kan nasiha ba, ya mayar da godiya dokar baitulmali: ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, a ci gaba da ba matansa da 'ya'yansa abinci da albashi.

Akwai wani wuri ma da ya fi burge ni. Malaman da suka gabace shi sun ce yarjejeniyar sulhu da aka ƙulla da baki ko da rantsuwa ba ta da ƙwari, sai wadda aka ba da jingina ko aka yi garkuwa da wani. Kautilya ya ce a'a, wadda aka ƙulla bisa gaskiya ita ce tabbatacciya duniya da lahira, ita kuwa ta jingina ƙarfinta yana bin ƙarfin masu ita ne. Mutumin da ya san duk hanyoyin yaudara ne yake faɗin haka. Littafin shari'a na Yajnawalkiya ma ya kawo kusan jerin nan, da godiya da gaskiyar magana a ciki.

Yanzu mu koma Ramayana, domin a can ne za ka ga abin da halayen nan biyu suke ci wa mai su. Duk masifar da ke cikin labarin daga godiya ta taso. Sarki Dasharata, mahaifin Rama, ya taɓa jin rauni a fagen yaƙi har ya suma, sai matarsa Kaikeyi ta janye shi daga filin ta ceci ransa. Da ya farfaɗo ya ce ta roƙi abu biyu, ko mene ne. Ta ce ya ajiye mata su. Shekaru suka shuɗe. Ana jajibirin naɗa Rama magajin sarauta, baiwarta Mantara ta zuga ta, ta je ta ce a biya ta bashinta: a naɗa ɗanta Barata, a kori Rama daji shekara 14. Magana zarar bunu. Godiya ce ta sa ya yi alkawarin, gaskiya kuma ta hana shi janyewa. Tsohon ya yi kuka, ya roƙe ta, har ya ce wa Rama ya kama shi ya ɗaure ya hau gadon da ƙarfi, don kawai a samu hanyar da ba shi ne ya karya maganarsa ba. Rama ya ƙi. Abin da ya faɗa wa Kaikeyi ya zama karin magana a Indiya har yau: Rama ba ya magana biyu. Ya fita, uban ya mutu da baƙin ciki bayan 'yan kwanaki.

Barata bai yarda da abin da uwarsa ta yi ba. Ya bi yayansa har dutsen Citrakuta yana roƙonsa ya dawo. A cikin tawagar akwai wani malami mai suna Jabali, wanda ya kawo hujja mai kaifi: mutum shi kaɗai ake haifarsa, shi kaɗai yake mutuwa, uban da ka yi wa biyayya ya tafi, babu wata lahira, ka dawo ka ci sarautarka. Amsar da Rama ya ba shi ita ce zuciyar wannan batu. Ya ce gaskiya da rashin mugunta su ne tsohuwar hanyar sarakuna, saboda haka mulki ransa gaskiya ne, kuma yadda sarakuna suke haka talakawansu suke zama. Wato yana kallon abin da zai biyo baya: in gidan sarauta ya nuna cewa alkawari yana mutuwa da mutuwar wanda aka yi wa, ko da sauyin yanayi, to kowane mai bashi a kasuwar Ayodiya ya samu hujja. Barata ya karɓi takalman yayansa ya ɗora a kan gadon sarauta, ya koma ƙauyen Nandigrama yana riƙon ƙwarya har shekarun suka cika.

Ka tambaya wa sarki zai gode wa. Dubi waɗanda Rama ya gode wa. Walmiki ya ce game da shi: alheri ɗaya tak ya ishe shi farin ciki, amma laifi ɗari ba ya riƙewa. Lokacin da Rawana, sarkin dodanni, ya sace Sita matar Rama, wanda ya tare shi tsohon ungulu ne mai suna Jatayu. Aka sare masa fukafukai, ya jira har Rama ya iso ya ba shi labari, sannan ya cika. Rama ya ce baƙin cikin sace matarsa bai kai masa na mutuwar tsuntsun nan dominsa ba, ya ce Jatayu a wurinsa kamar mahaifinsa yake, ya tara itace ya yi masa jana'iza irin tasu da hannunsa. Ka tuna, wannan ɗan ne da bai samu halartar jana'izar ubansa ba. Haka kuma da Hanuman, jarumin biri, ya tsallake teku ya gano inda Sita take ya dawo, Rama ba shi da ƙasa, ba shi da taska, ba shi da ko riga ta tukuici. Ya faɗa a fili cewa abin yana damunsa, ya ce rungumar nan ita ce duk abin da na mallaka, ya rungume shi. A ganina nan ne al'adar ta fi nuna zurfinta: godiyar da ake auna sarki da ita, ta ƙasa ce, ga ungulu da biri da mutanen daji, waɗanda ba su da bakin da za su tuna masa in ya manta.

Ta ɗaya gefen kuma akwai Sugriwa, sarkin birai. Rama ya kashe masa yayansa Wali, ya ɗora shi a sarautar Kishkinda, bisa sharaɗin in damina ta wuce zai tara runduna a nemi Sita. Damina ta wuce, sama ta washe, Sugriwa yana cikin gida da giya da mata. Rama ya aiki ƙanensa Lakshmana da saƙo mai ɗaci: hanyar da Wali ya bi ba ta toshe ba. A gaban Sugriwa, Lakshmana ya karanta baitin da ya fi kowanne shahara kan wannan batu: mai kisa mafi muni, da mashayi, da ɓarawo, da mai karya alwashi, duk an tanadar musu kaffara, amma butulu ba shi da kaffara. Tara ce, matar marigayi Wali, ta kwantar da hankalinsa, ta nuna masa cewa an riga an aika a tara rundunar. Wannan hukunci bai tsaya a arewacin Indiya ba. A kudu, littafin hikima na Tamil mai suna Tirukkural, a baiti na 110, ya faɗi kusan abu ɗaya: wanda ya kashe kowace irin nagarta yana da mafita, ban da wanda ya kashe alherin da aka yi masa.

Mahabarata, ɗaya doguwar waƙar ta Hindu, ma ta ba da nata. A littafi na 12, Bishma yana kwance a kan kibiyoyin da suka soke shi yana koya wa sabon sarki Yudishtira mulki, ya ba shi labarin wani mutum mai suna Gautama da wani zalɓe ya saukar, ya ciyar da shi, ya yi masa fifita da fukafukansa, ya haɗa shi da abokinsa sarkin dodanni aka cika shi da zinariya. Da dare, mutumin ya ga ba shi da guzuri, ya kashe zalɓen yana barci. Da aka kama shi aka kashe, dodanni masu cin naman mutum suka ƙi taɓa gawarsa. Bishma ya kawo labarin ne don sarki ya san irin wanda ba a jawowa kusa.

A ɓangaren gaskiya, sunan da kowane yaro a Indiya ya sani shi ne Harishcandra. Ya yi wa wani babban masani, Wishwamitra, alkawari, ya ba shi ƙasarsa duka, da aka nemi ciko ya sayar da matarsa da ɗansa, ya sayar da kansa ga mai kula da maƙona gawa a Kashi, wato Banaras, inda har yau akwai mashigar kogi mai sunansa. Gandhi ya rubuta cewa wasan kwaikwayon wannan sarki da ya kalla yana yaro ya kama zuciyarsa, kuma a kan labarinsa aka yi fim ɗin Indiya mai tsawo na farko a 1913. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsohuwar ruwaya ta Aitareya Brahmana, Harishcandra mai jan ƙafa ne: ya yi wa abin bautarsu Waruna alwashin ba da ɗansa, ya dinga kawo uzuri yana ɗagawa har ciwo ya kama shi. Zamunan baya ne suka ɗauki sarkin da ya yi wasa da alkawari suka mayar da shi madubin cika shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da mutane suke ƙishirwar gani a sarakunansu. Daga wannan jijiya ce kuma Indiya ta ɗauko taken da ke ƙarƙashin tambarinta tun 26 ga Janairu 1950, Satyamewa Jayate, gaskiya kaɗai ke nasara, wanda aka ciro daga Mundaka Ufanishad.

Zan zalunce ka in na tsaya nan, domin littattafan ba su ɓoye cewa halayen nan biyu suna iya kai mutum ga ɓarna ba. Karna, jarumi a Mahabarata, shi ne babban misali. An raina shi a bainar jama'a saboda direban keken doki ne ya raine shi, sai Duryodana, abokin gaban 'ya'yan Fandu, ya miƙe nan take ya naɗa shi sarkin Anga. Daga ranar Karna ya zama nasa. Ana gab da yaƙi, Krishna, mai ba 'ya'yan Fandu shawara, ya keɓe shi ya faɗa masa cewa shi ne babban wan 'ya'yan Fandu biyar da zai yaƙa, ya dawo gida a ba shi sarauta. Karna ya ce shekara 13 yana cin mulki a inuwar Duryodana, ba zai juya masa baya ranar da ake bukatarsa ba. Mutanen Indiya suna ƙaunarsa saboda wannan, ni ma labarin yana taɓa ni. Amma ban ganin ya yi daidai. Godiyar nan ce ta zaunar da shi a majalisar da aka wulaƙanta Draufadi, matar 'ya'yan Fandu, har ya sa baki a wulaƙancin. Bashin da ke kansa na Duryodana ne, sai ya biya shi da mutuncin wata. Shi ya sa nake ganin jerin Walmiki ba a banza ya zo ba: sanin dharma ya riga godiya. Wibishana, ƙanen Rawana, ya yi wa yayansa nasiha ya mayar da Sita, da aka ƙi ji ya bar shi, kuma waƙar ba ta kira shi butulu ba.

Gaskiya ma haka. Krishna ya ba Arjuna, ɗaya daga 'ya'yan Fandu, labarin wani mai ibada, Kaushika, wanda ya yi alwashin ba zai taɓa ƙarya ba. Wasu mutane suka gudo suka ɓuya a daji kusa da shi, 'yan fashi suka zo suka tambaye shi, ya nuna musu wurin, aka kashe su. Labarin ya ce wuta ya tafi. Littafin Manu ma ya yarda mai shaida ya kauce wa gaskiya in faɗinta zai jawo a kashe rai. Shi kansa Rama, mai magana ɗaya, daga maɓoya ya harbi Wali, kuma Wali ya tuhume shi da bakinsa kafin ya mutu. Masana Hindu har yau ba su gama muhawara a kan wannan ba.

Sai dai ka duba yadda suka yi da sarkin da ya yi amfani da irin wannan rangwame don amfanin kansa. Yudishtira, babban 'ya'yan Fandu biyar, mutum ne da ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, har ana cewa keken yaƙinsa ba ya taɓa ƙasa, yana tafiya da tazarar yatsu huɗu a sama. A rana ta 15 ta yaƙinsu da Duryodana, wanda ya ɗauki kwana 18, malaminsu Drona, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya gagari kowa. Aka san ba zai ajiye makami ba sai ya ji ɗansa Ashwatama ya mutu. Bima, ƙanen Yudishtira, ya kashe wata giwa mai wannan suna ya yi shela. Drona bai yarda ba, ya juya ga mutum ɗaya da ya san ba ya ƙarya. Yudishtira ya ce an kashe Ashwatama, ya ƙara da "giwa" can ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji ba. Kowace kalma da ya furta daidai ce. Nan take keken ya sauko ya taɓa ƙasa. Drona ya ajiye makami aka sare kansa. Wanda aka yaudara ɗin kuwa shi ne ya koya masa riƙon baka tun yana yaro, saboda haka a numfashi ɗaya ya taɓa gaskiya ya taɓa godiya.

Waƙar ba ta manta masa ba. A ƙarshen rayuwarsa, bayan matarsu Draufadi da ƙannensa duk sun faɗi a hanyar dutsen Himalaya, kare ɗaya ne ya rage yana binsa. Indra, sarkin allolinsu, ya zo da keke ya ce ya hau zuwa sama, amma ban da karen. Yudishtira ya ce ba zai yar da wanda ya bi shi da amana ba, ko da zai rasa saman. Sai karen ya bayyana a matsayin Dharma kansa, abin bautarsu na adalci, aka yaba masa, aka tafi da shi. Duk da haka, da ya isa, sai da aka bi da shi ta wata hanya mai duhu da wari, ya ji muryoyin 'yan'uwansa suna kuka a cikin azaba, ya tsaya a wurin ya ƙi komawa. Bayan ɗan lokaci duhun ya yaye, Indra ya bayyana masa dalili: da dabara ka yaudari Drona game da ɗansa, shi ya sa da dabara aka nuna maka wuta.